Shuɗin Fenti a Jikin Gawon Sale

Ranar da aka kira ni ƙofar mai gari a kan maganar fenti, ga waɗanda ke zaune. Akwai mai gari Issufu kansa, wanda taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, saboda haka ba ya iya yi mini tsawa, sai dai ya yi ta gyaran rawani. Akwai Liman Mutari da tasbaharsa. Akwai Sale, ɗan ƙanen mijina, mai gonar da ake rigima a kanta, ya zauna ya ba ni ƙeya. Akwai Lawali, shugaban komitin itatuwa, wanda tun da aka ɗora shi ya daina amsa gaisuwa da baki, sai da kai. Akwai Falmata, 'yar Barebarin Birnin Damagaram, ma'aikaciyar foroje, wato shirin raya itatuwa da aka kawo mana, ta cire takalmi ta zauna bakin tabarma kamar 'yar gida. Matan gari suna bayan zana, ba wanda ya gayyace su, ba kuma wadda ta rasa zuwa. Sai ni, Barira mai icce. Sai jakina, ɗaure a turke, don an ce shi ma shaida ne.

Zan gaya muku yadda aka ƙare. Amma ku da kuke cewa sana'ar icce ba ta wuce a sara a ɗaure a kai kasuwa ba, ku da kuka ji ana biyan kuɗi don a bar icce tsaye kuka ce ai ko mai barci zai iya, sai kun fara jin abin da sana'ar take. In ba haka ba, dariya kawai za ku yi ku tashi, kanku wayam.

Kututturen sabara na fara da shi, a bayan ƙauyenmu na ƙasar Droum, shekarar da aka kawo ni gidan miji. Uwar mijina, Inna Tsahara, ita ta koya mini. Ta miƙo mini ɗan gatari ta ce in gyara mata kututturen, ta koma gefe tana cin goro. Rassa sun fito masa ko'ina kamar kan yarinyar da ba a yi wa kitso ba. Na zage na share su tas, na ɗaure, na kawo mata ina jiran yabo. Ta dubi damin, ta dubi kututturen, ta ce, "To, baɗi me za ki sara, ƙafarki?" Ta kai ni wani, ta nuna mini yadda ake yi. A duba reshen da ya fi miƙewa da ƙarfi a bar shi, a bar masa ɗan'uwa ko biyu don iska, a cire sauran. Kuma sara daga ƙasa yake zuwa sama. In kika sara daga sama, reshe zai ɓalle da nauyinsa ya yage ɓawon uwar, rana ta shiga, gara ta bi. Ta ce wannan ba sara ba ne, aski ne, kuma wanzamin da ya yanke kunne ba a sake kiransa. Na daɗe ina jan rassa a bayanta kafin ta yarda in taɓa gawo.

Kayan aiki ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Gatari ƙarami, ƙotarsa ta aduwa, don ba ta tsagewa. Adda ta ƙananan rassa. Maƙata, wato doguwar gora da lanƙwasasshen ƙarfe a bakinta, da ita ake kamo reshen da hannu bai kai ba. Igiyar kaba, a jiƙa ta kafin a ɗaure, in ta bushe ta ƙara kamawa. Gammo. Dutsen washi, wanda ba na ba kowa aro, ko 'yata. Gatari maras kaifi ba ya yanka, dukan icce yake yi, kuma icce ba ya manta duka.

Kayan farko da na shigar Birni, na Hajiya Yagana mai alkaki ne. Amalanke ba ta shiga lungunan can, sai a tsaya bakin hanya a ɗora a ka, ƙafa na nutsewa cikin rairayi. Na sauke mata a zaure. Ta zaro guda biyu ta buga su da juna, ta kasa kunne. Ta shinshina. Ta ce, "Wannan da gawo a ciki." Na ce kaɗan ne. Ta ce, "Kaɗan ɗin za ki ci alkakin da ya yi warin hayaƙi?" Sai da na zauna a zaurenta na tsince shi ɗaya bayan ɗaya, yaran gida na kallona. Daga ranar na san kowa da iccensa. Mai alkaki tana son aduwa, wuta mai natsuwa wadda ba ta ƙona mai. Mai tsire yana son abin da zai bar garwashi. Mai ƙosai tana son sabara da kalgo, su kama da wuri don masu saye na tsaye a kanta. Mai burodi kuwa ko ƙofar gidanku kika ɓalle kika kai masa zai karɓa, shi ake kai wa gawo. Tumfafiya ba a sayar da ita, sai wadda ba ta da niyyar komawa unguwar.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Ba sai na faɗi wace ba, duk mai furfura ya san ta. Shanu suka zube, rumbuna suka ƙare, gari duka ya zama masu icce, har waɗanda ke mana kallon banza. Da itatuwa suka ƙare a sama aka koma tonon saiwa. Ni ma na tona. Wata rana na yini a kan saiwar ƙirya guda, da ta fito na ɗora a ka na kai Damagaram, aka ba ni abin da bai cika ƙwaryar gari ba. Bayan wannan shekara in ka tsaya bakin rijiyarmu kana hango ƙauyen gaba, ba abin da ya tare ido. A shuka hatsi, iska ta kwaso rairayi ta binne shi, a sake shukawa. Ƙirya, marke, kanya, taura, duk na san inda kowacce take tsaye a da. Ba su dawo ba har yau. Ruwan ma ya sake hali, ya ƙi zuwa ya ƙi zuwa, ran da ya zo ya zo da iskar da ke tuge abin da ya rage.

Akwai kuma masu gandun daji na wancan zamani, da kakinsu. In icce ya girma a gonarka, ba naka ba ne, na gwamnati ne. Ka taɓa shi a ci ka tara, a ƙwace gatari. Sai manoma suka yi wayo, suna kashe shi tun yana ɗan tsiro, kada ya girma ya jawo musu baƙi. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen shirmen da aka yi daga baya. Mutanenmu in suka ga baƙo ya tsaya gindin icce yana dubansa, abu ɗaya ke zuwa musu a rai: an karɓe.

Gonar Malam Hamza, ƙanen mijina, a nan na fara sassaben zamani, lokacin da aka sassauta aka ce wanda ya rena icce nasa ne. 'Yan tsiron gawo ne da ba su kai gwiwa ba. Na ce masa kada ya share, ya bar mini su. Muka yi magana gaban mijina: gindi na gona, ganye da 'ya'ya na dabbobinsa, reshe nawa. Kowace bazara kafin shuka in zo in yi musu aski. Gawo kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ƙarƙashinsa kuma hatsi ya fi baƙi. Maƙwabta suka gani suka kira ni, haka gonaki suka yawaita a hannuna. Amma na Malam Hamza su ne manya, su ne abin da nake tarawa na damina, lokacin da icce ke tsada kuma kowa ke neman busasshe. Sun girma har mutum biyu ba sa rungume wasu. Malam Hamza ya rasu, Allah ya jiƙansa, gona ta koma hannun Sale.

To, bayan kaka aka ga mota ta tsaya, Falmata ta fito da samari biyu da metir da gwangwanin fenti. Suka shiga wasu gonaki, ba duka ba. Su zagaya icce da metir daidai ƙirji, su ɗaga kai su dubi tsawo, su shafa masa shuɗin zobe, su yi wani zane a ƙasan zoben. Na bi su ina kallo, don ba na son a taɓa icce ban san dalili ba.

Na ce, "'Yata, wa za a ɗinka wa riga?"

Ta yi dariya ta ce, "Iya, iska muke aunawa."

"A jikin icce?"

Ta ce hayaƙin motoci da manyan injuna na ƙasashen nesa ya taru a sama, shi ke ƙara zafi, shi ke rikita damina. Icce kuwa yana shan wannan hayaƙi, ya mai da shi jiki da saiwa, ya riƙe muddin yana tsaye. Sunan abin karbon. Masu hayaƙin sun yarda su biya masu itatuwa ladan ajiya. In an auna an tabbatar, kuɗi zai zo wa gari.

Na ce, "Su ɓata can, mu ajiye musu nan."

Ta ce, "Haka ne, Iya."

"To me ya hana su daina?"

Ta ce wannan tambaya ta fi ƙarfin albashinta.

An yi taro an bayyana, amma a ranar rabin maza suna kasuwa, sauran kuma kalmar kuɗi kawai suka ji. Aka kafa komiti, aka ɗora Lawali. Mota na juya baya gari ya yi nasa tafsirin. Iccen da aka shafa wa fenti, an saya, ya zama na foroje, ko ɗan tsinke ka karya za a zo da kaki. Wanda ba a shafa wa ba, ba ya cikin lissafi, kuma baɗi za a dawo a shafe shi, saboda haka mai hankali ya ci nasa tun da wuri. Kun ji aikin da aka kawo don a bar itatuwa, ya zama ƙararrawar sara.

Ba a daɗe ba wani Alhaji mai kamiyo, babbar motar kaya, daga wajen Takieta ya ji ƙanshi. Yana sayen gawo a tsaye, masassaƙansa su fitar da turame da komayen shayar da dabbobi, sauran a faskara. Yana da takardu, ko dai ya ce yana da su. Na ga manya sun faɗi a gonakin da na sha yi wa aski. Sai wata safiya na hango shi a gonar Sale, yana bubbuga gindin babban gawon da tafin hannu kamar mai taya rago. Gonar Sale ba a auna ta ba, ba ɗigon fenti a ciki.

Na tare Sale a hanya. Ya ce, "Inna, hatsin bana bai kai mu ko'ina ba. Babur nake so in yi kabu-kabu a Damagaram."

Na ce, "Babur ɗin in ya mutu, baɗi zai toho?"

Ya ce gonarsa ce. Ya faɗi gaskiya kuwa, gindi na gona ne, ni na faɗi haka da bakina.

Washegari na bi amalanke na kai icce birni. Kafin in tashi na ɓamɓaro ɗan ɓawo mai fenti daga wata gona na ƙulle a bakin zane. A kasuwa na nuna wa mai kayan gini na ce irin wannan nake so, kada ya fi duhu kada ya fi haske. Ya ce ƙofa zan shafa? Na ce abin da ya shafe shi ke nan? Na jira ranar kasuwar Droum, da maza suka watse. Da rana tsaka na kora jakina zuwa gonar Sale. Na tauna bakin asuwaki har ya yi laushi, shi ne burushina. Na yi wa kowane gawo zobe daidai ƙirji. Zanen ƙasa kuwa na riga na kalle shi da kyau a wata gona: sanda, ƙugiya, sai ƙwai. Haka na yi wa duka. Matan da ke zuwa rijiya suka wuce ta gefena, tulu a ka. Ɗaya ta ce, "Sannu da aiki, Madam." Ba wadda ta ƙara komai, ba kuma wadda ta kai wa miji.

Da Alhaji ya dawo da masassaƙa ya ga shuɗi, ko injin mota bai kashe ba, ya juya. Sale ya yi ta rantsuwa jiya babu, Alhaji ya ce shi ba ya wasa da kayan gwamnati. Aka ce 'yan foroje sun zo ranar kasuwa ba a gan su ba. Na ce lallai ma'aikatan yanzu akwai himma.

Na yi ta jin daɗina har bazara ta kama. Hadari ya fara leƙowa daga gabas, lokacin aski ya yi. In aka yi shuka, ba jakin da zai taka gona sai kaka. Na ɗauki maƙata na nufi gonar Sale, na kamo reshen farko ke nan sai ga Lawali kamar an jefo shi.

"Baba Barira, ajiye."

"In ajiye me?"

"Ba ki ga fenti ba? Wannan na foroje ne."

In na ce fentin nawa ne, gobe Alhaji ya dawo. In na yi shiru, ni da reshe sai kallo. Ya karɓe maƙatata ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa gari da ita don kowa ya gani. Na zauna ina tsintar ƙirare kamar sabuwar amarya. Mai tsire ya aiko, mai ƙosai ta koma wajen wata. Kullum in wuce gonar in ga rassan sun yi nauyi suna kallona, ga zanena a jikinsu, da kyau kuwa.

Lawali ne ya kwance ƙullin ba da niyya ba. Ya buga wa Falmata waya yana alfahari ya kama mai ɓarna a gonar Sale. Ta ce ai ba su auna gonar Sale ba. Ta zo ta duba, aka kira zama.

Mai gari ya gyara rawani ya ce, "Barira, an ce ke kika shafa."

"Wa ya ce?"

"Jakinki."

Lawali ya je ya ɗage akumari. Ga shuɗi a haƙarƙarin jakin, inda ya goga jiki da gawo fenti bai bushe ba. Na yi ta rufe wurin, ashe yaran Lawali sun gani a bakin rijiya.

Na ce, "To ku tambaye shi, wataƙila shi ya shafa."

Bayan zana aka tuntsire. Mai gari ya ce, "Ke dai tun kina yarinya ba ki da kunya. Da ban ƙi aurenki ba, da yanzu na mutu."

"Kai ka ƙi? Da wane wandon za ka zo neman?"

Liman ya ce a ji tsoron Allah a koma kan magana.

Falmata ta ce, "Iya, zobenki ya fi na yarana kyau, wallahi. Amma duk gawon lambarsu ɗaya, kuma ƙugiyar ta juya baya."

Na ce ai 'yan gida ɗaya ne.

Sale ya juyo, idonsa ja. "Ranka ya daɗe, dariya ake yi, ni kuwa an hana ni sayar da abin da ubana ya bar mini. Iyalina ba fenti za su ci ba. Tun da ƙarya ne, gobe zan kira Alhaji."

Wannan ita ce maganar, sauran duk wasa ne. Na ce, "Ubanka ya bar maka gona. Gawon, lokacin da suke nan," na nuna gwiwata, "kai kana goye. Amma gindi naku ne, ban musa ba."

Falmata ta nemi izini. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ban gane ba. Me ya sa ake sare wanda ba shi da fenti?"

Lawali ya bayyana mata dokar, da muryar mai karanta sanarwa. Ta riƙe baki. Ta ce wa ya gaya musu wannan doka? Mace in tana miya, tukunya duka take sha kafin ta san gishiri ya ji? Ɗan cokali take ɗanɗanawa. Itatuwa masu fenti su ne cokalin, ana auna su kowace shekara don a san yadda sauran ke girma. Amma abin da ake biya na duk itatuwan ƙasar garin ne, mai fenti da maras fenti. Kuma ana ɗaukar hoton ƙasar daga sama. Duk inda babban icce ya ɓace za a gani, a rage daga rabon gari duka, ba na mai gonar kaɗai ba.

Daga bayan zana wata ta ce, "Na gari duka?"

"Duka."

Sai zana ta fara motsi. Muryoyi suka tashi ana kiran sunayen waɗanda suka sayar. Wata ta ce a tambayi mijinta ina gawon bakin kwari. Wata ta ce a fara da na kusa da mai gari. Liman ya kama tari, tasbaha na gudu a hannunsa, don shi ma ya sayar da guda. Kuɗin da ba wanda ya taɓa gani da ido, sai ga shi kowa na kukan an ci masa. Na dubi Sale na san an gama. Fenti ana iya ƙaryata shi, amma yanzu ko ganye ya faɗi a gonarsa sai matar maƙwabci ta ƙirga.

Na ce, "Aski fa?"

Falmata ta ce ba wanda ya hana aski, su ma suna so, icce ya fi miƙewa. Amma na ƙasa kawai, kada a taɓa kai.

"Ni za ki gaya wa?"

"Aikina ne in gaya wa kowa, Iya. Kuma ki sani, duk damin da kika sayar aka ƙona, hayaƙin da ya sha ne yake mayarwa sama."

"Tuwon da kika ci jiya, da iska aka dafa shi?"

"Da gas."

Na kama gyaran ɗankwali, mai gari kuwa ya ji daɗin an ci ni da baki har ya manta da rawani.

Ya yanke hukunci. Ba mai kada babban icce sai gari ya zauna. A mayar wa Barira maƙatarta. 'Ya'yan gawon gonar, da kowa ke kwasa wa awakinsa kyauta, daga yau na Sale ne shi kaɗai, ya tara a buhu ya kai wa masu kiwon raguna a Damagaram, kuma amalanken da ke kai iccena ta ɗauka masa ba ladan dako. Sale ya ce wannan ba babur ba ne. Mai gari ya ce shi ma bai ce babur ba ne. Ni kuma, tun da fentina na rikita masu awo, in wanke shi da hannuna, ba kankara da wuƙa, kada in ji wa ɓawo ciwo. Ya faɗi wannan yana kallona yana murmushi, don a ganinsa yau ya rama na shekaru.

Lawali ya kawo maƙatar. Na duba bakinta gabansa, na ce ya bar ta a rana gorar ta tsage, saboda haka sai ya gaishe ni da baki kafin in karɓa. Ya gaishe ni.

Da safe na ɗebi ruwa a bokiti, na zuba toka, na ɗauki soso, na bi ta ƙofar mai gari ina kaɗa bokitin don ya ji. Yana zaune yana shan koko. Ya ce, "A wanke da kyau." Na ce in ya ga dama ya zo ya riƙe mini zane. A gona na jiƙa soso na goga zoben babban gawon, na goga, na sake gogawa, don kada a ce ban bi umarni ba. Fentin mai ne, ko gezau bai yi ba, sai ma ƙara sheƙi da ya yi da ƙura ta fita. Na ajiye bokitin a gindinsa ta wajen hanya, na rataye soso a bakinsa inda mai wucewa zai gani. Gabas ta yi baƙi, iska na kawo ƙanshin ruwa. Na ɗaure zane, na tofa yawu a hannu, na ɗaga maƙata na kamo reshen ƙasa.